Faifan da Ba Ya Sallama

A Wurno, zamanin mulkin Turawa, bayan sojojin Bama sun dawo gida, an yi wani makaɗin noma ana ce masa Mu'azu Mai Ganga. Siririn mutum ne, kuma Allah ya yi shi da kunne. Ba ya iya wuce abu bai ƙwanƙwasa shi ba. Turmi ne, tulu ne, ƙyaure ne, har kabewar da aka kasa a kasuwa, sai ya ɗan buga mata yatsa ya kara kunne ya ji abin da za ta ce. Matarsa Asabe takan ce da tukunyar tuwonta na da baki, da tuni ta kai ƙararsa gaban alƙali.

Wanda bai san kiɗan noma ba yakan ɗauka raha ce kawai. To, ba haka ba ne. Ranar gayya, idan manoma suka jeru da galmuna don yi wa wani huɗa, makaɗi yakan rataya ganga ya bi bayan gwaninsa kuyya bayan kuyya. Kowane gwani da takensa, kuma take gaɓa uku ne. Akwai kira, mai sa mutum ya ɗauki galma. Akwai kora, mai tura shi gaba har ya manta da rana da ƙishirwa. Sannan akwai sallama, wadda ke ce masa ya isa, ɗaga kai ka sha ruwa. Sallama ba ta da lokaci sananne. Makaɗi ne ke duban bayan gwaninsa, ya saurari numfashinsa, in ya ga an kai inda aka kai sai ya juya hannu.

Akwai kuma ta huɗu, wadda ba a son ambatonta, ita ce babbar sallama. Idan gwani ya tsufa ya ga zai ajiye galma, shi da kansa yake roƙon makaɗinsa. A tara jama'a, a kaɗa masa ita sau ɗaya, makaɗi ya sa wuƙa ya farke fatar gangar, gwani ya miƙa masa galmarsa. Daga ranar taken nan ya mutu, ko an kaɗa shi ba ya kiran kowa. Ba a yi wa mutum ita bai roƙa ba, sai dai a bakin kabarinsa.

Gwanin Mu'azu shi ne Shittu, Sarkin Noman Shinaka, can wajen Goronyo. Tare suka tashi tun suna samari. Tun a lokacin Shittu ya rantse gaban jama'a cewa duk inda aka kaɗa takensa, muddin akwai galma kusa, zai amsa, kuma ba zai ɗaga kai ba, ba zai sha ruwa ba, sai ganga ta sallame shi. Rantsuwar ƙuruciya ce, amma Shittu irin mutanen nan ne da ba su san an girma an bar magana ba. Shi kuwa Mu'azu damuna bayan damuna ya yi yana ginin taken nan. Daga jikin Shittu ya ciro shi: saran galmarsa, ɗan nishin da yake yi in ya kifa ƙasa, da yadda yake jan ƙafar hagu. Ya yi wa manoma da yawa take daga Dinawa har Rabah, amma shi kansa ya san bai taɓa yin wanda ya kama ƙafar wannan ba.

Sai dai Shittu ya manyanta, ga wani tari da ya zauna masa a ƙirji. Damunan baya-bayan nan Mu'azu ya shiga rage masa kora a ɓoye, yana sako sallama da wuri, cikin dabarar da 'yan kallo ba su lura. Bai faɗa wa kowa ba. Indo matar Shittu kaɗai ta gane, ita ma ba ta ce komai ba, sai dai duk kaka kwandon albasa yakan iso Wurno daga Shinaka.

Da rani aka aiko wa Mu'azu cewa wani Baturen kamfanin faifai ya sauka Sakkwato yana neman makaɗa. Abin nema ya samu. Aka shigar da shi wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da barguna, ga wani ƙarfe a tsaye da aka ce shi ke shan sauti. Mu'azu ya hana kowa sakat da tambaya. Ya buga ganga kusa da ƙarfen, ya ja baya ya buga, ya juya masa baya ya buga, yana so ya ji inda ta fi zaƙi. Har Baturen ma sai da ya ƙwanƙwasa masa akwatin na'urarsa. Da aka ce ya kaɗa abin da ya fi so, bai yi shawara da kowa ba ya ɗauko taken Shittu.

Ya yi kira, ya shiga kora, hannu ya yi zafi, yana waƙa yana cewa na Indo, ƙasa ta san tafinka. Yana tsakiyar haka sai wata jar fitila ta kama, Bature ya ɗaga hannu.

Mu'azu ya ce, "Ban sallame shi ba."

Tafinta ya dubi kusurwoyin ɗakin ya ce, "Ka sallami wa, Baba? Ai ba kowa a nan sai mu. Faifai kamar kwano ne, in ya cika ya cika."

Aka yi dariya, Mu'azu ma ya yi. Gaskiya ce ai, ba gona, ba galma, ba Shittu. Ya dawo Wurno yana ba da labarin barguna da jar fitila har Asabe ta haddace.

Damuna ta faɗi, gero ya kai gwiwa, lokacin huɗa ya yi. Ranar kasuwar Wurno Mu'azu na ratsa layin masu tebur sai ya ji ganga. Ya tsaya cik. Hannunsa ne, ba ko shakka, amma ga hannuwansa biyu a rataye ba sa komai. Attahiru mai tebur, wanda ke sayar da sabulu da ashana, shi ya ajiye garmaho don jan masu saye, jama'a sun yi masa zobe. Da suka ga Mu'azu sai aka shiga tafi ana nuna shi. Daɗi ya kama shi har kunnuwansa suka yi zafi. Ya durƙusa gaban akwatin yana sauraron kansa, yana jin inda ya yi daidai da inda gula ta ɗan zame masa.

Kora ta yi nisa, ta kai inda jini ke tafasa. Hannun Mu'azu ya ɗaga da kansa zai juya kiɗa. Sai ganga ta ɗauke, allura ta ci gaba da shuu a bakin faifai. Attahiru ya wana garmaho, ya ɗaga allura ya mayar da ita farko. Kira ya sake tashi.

Gaban Mu'azu ya faɗi, tun bai gama sanin dalili ba.

Attahiru ya ce, "Sarkin Kiɗa, ka shiga duniya! Faifanga ya kai Rabah, ya kai Goronyo. Mode mai awon auduga ma ya sayi nai da sabon garmaho. Gobe shika gayya gonatai ta Shinaka. Ya ce bana ba shi buƙatar makaɗi, ga makaɗi cikin akwati, ba shi cin tuwo ba shi gajiya."

Aka bushe da dariya. Mu'azu ya tambaya, da wata murya da ba tasa ba, "Wa anka gayyata?"

"Wa kuwa? Mai taken mana. Sarkin Noma da kainai."

Mu'azu bai san yadda ya iso gida ba. Ya shiga ɗaki ya sauko da ganga daga maratayi. Asabe na tankaɗe a tsakar gida, ta bi shi da ido.

Ta ce, "Maigida, lahiya? Wa am mutu?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye rariya ta ce, "Haba dai. Shittu da girmanai zai bi akwati cikin gona? In ya gaji ai sai shi zamna."

"Ba ki san shi ba."

"To ai Mode na da ido. In ya ga ya jigata shi tsai da abin."

"In kiɗa ya ɗauke ba sallama, ba a ɗaga kai, jira aka yi. Kuma Mode auduga yas sani, bai san bayan manomi ba."

Asabe ta dube shi, ta ga ba wasa a fuskarsa. Ta ƙunsa masa dawo a ganye, ta ɗauko tsohon buzu ta naɗe gangar, don sama ta haɗa baƙi ta gabas.

Ya nufi bakin hanyar mota ko zai dace da lori mai zuwa Goronyo. Kafin ya isa ruwa ya kece. A wancan zamani in an yi ruwa sai a sa shinge a hanya har ta sha iska, kada motoci su kwaɓe ta. Ya tarar da lori a tsaye, direba na barci a ƙarƙashinta. Mai tsaron shinge ya ce ko gobe ba lalle ba. Mu'azu ya ɗora ganga a ka ya kama hanya da ƙafa.

Tafiyar mai tsoro ba ta da daɗi, don shi da zuciyarsa suke tafe tana yi masa surutu. Ta ce wataƙila ruwan nan ya sa a ɗaga gayyar. Ta ce a'a, bayan ruwa ai huɗa ta fi daɗi. Ta ce wataƙila garmahon ya lalace, an ce abin Turawa ba ya son damshi. Ta ce wataƙila Shittu ya ji akwati ya yi tsaki ya koma gida. Wannan ce Mu'azu ya fi so ya yarda da ita, ita ce kuma ya fi sanin ƙarya ce. Sai ya tuna bara a Dinawa, da ya sallame shi, yadda Shittu ya juya wa mutane baya ya yi tari a cikin hularsa, ya ninke ta ya cusa a aljihu. Ya tuna tafinta na cewa ba kowa a nan sai mu. Ya ji haushin kansa ƙwarai. Shi da ke jin bambancin tulu mai tsaga da mai lafiya, ya kasa jin cewa kiɗan da ba shi da ƙarshe ba kiɗa ba ne.

Wani rafi da ya cika ya tare shi kafin Goronyo, dole ya kwana a wata ruga. Da gari ya waye ruwa ya ɗan janye, ya shiga da ganga a ka. Ya kusa ƙetarewa ƙafarsa ta zame a laka. Bai nutse ba, amma ganga ta sha ruwa, ita da buzun duka. A gaɓa ya buga mata gula, ta amsa kamar an doki jiƙaƙƙiyar tabarma. Fatar ganga in ta jiƙa sai rana ko wuta, shi kuwa ba shi da lokacin ko ɗaya. Ya kwance buzu ya yar, ya rataya ta a baya inda rana za ta same ta, ya ƙara sauri.

Rana ta take tsaka lokacin da ya hango Shinaka. Bai tambayi gonar Mode ba, kunnensa ya kai shi. Daga nesa ya jiyo taken, siriri, yana tashi yana faɗuwa da iska.

Gona ce makekiya. Samarin gayya duk sun watse ƙarƙashin wata gawo suna shan fura, galmunansu zube a ƙasa. Mutum ɗaya ya rage a tsakiyar gona, duƙe, yana sara yana kifawa. A bayansa wani ƙato daga cikin barorin Mode na tafe da garmaho a ka, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, wani kuma na gefe yana wanawa. In faifai ya ƙare sai su tsaya su mayar da allura. A ɗan wannan tsakanin Shittu ba ya miƙewa. Yakan tsaya a duƙe, goshi kusa da ƙotar galma, haƙarƙarinsa na buɗewa yana rufewa, har kira ya sake tashi.

A bakin gona Indo na tsaye da ƙwaryar fura a hannu. Ta ga Mu'azu ta matso.

Ta ce, "Tun hantsi bai ɗaga ba. Na yi magana, an ce mata ba su shiga zancen gayya."

Mode na zaune kan kujera ƙarƙashin laima, da baƙinsa na Goronyo. Ba mugun mutum ba ne, mai sabon abu ne kawai, kuma mai sabon abu ba ya ganin komai sai abinsa. Ya hango Mu'azu ya washe baki.

"A'a, Sarkin Kiɗa! Ka zo ganin ƙanenka na cikin akwati? Dubi Sarkin Noma, yau ƙuruciya ta dawo mai. Samari duk sun zube, shi ko ruwa bai nema ba!"

Mu'azu bai tsaya gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi wa mai arziki ba. Ya ratsa kuyyoyi yana tuntuɓe, ya isa bayan Shittu, wurin da ya saba tsayawa. Daga nan ya ji numfashin. Wani kurman sauti ne a ciki, kamar ana jan zare ta cikin kara. Ya ga ƙafar hagu ba ja take ba, rawa take. Ya daka wa mai garmaho tsawa ya ce ya ɗaga allura, sannan ya juyo da gangarsa gaba.

Rana ta ɗan taimaka, fata ta ja kaɗan, amma har yanzu muryarta a dishe take. Tsoro ya kama shi kada Shittu ya kasa gane ta. Ya karɓi kora daga inda faifai ya tsaya, ya bi saran galma sau biyu uku don su haɗu, sannan ya juya hannu ya sako sallama, a hankali, yadda ya saba.

Galma ta tsaya. Shittu ya daɗe kafin ya iya miƙewa, sai da ya dafa gwiwa. Ya juyo, idanu jajur, leɓe fari fat. Ya ga Mu'azu ya yi murmushi.

Ya ce, "Ka daɗe, Mu'azu."

"Na daɗe, Sarkin Noma."

"Gangarka mura taka yi?"

Aka kama shi zuwa inuwa. Indo ta miƙa masa fura, ya karɓa da hannu biyu yana sha yana tsayawa yana tari. Ya tofa a ƙasa ya yi sauri ya take da ƙafa, amma Mu'azu ya ga launin abin. Jama'a suka taru ana ta yabo, ana cewa yau an ga noman mutanen da. Mu'azu ya zauna dirshan. Ya yi hamdala a ransa, ya ɗauka an tsallake.

Ya matsa kusa ya ce a hankali, "Don Allah, Shittu, akwati na hwa. Katako da ƙarhe. Ba ka da alkawari da katako."

Shittu ya ce, "Ni ban san akwati ba. Hannunka nij ji."

Mode ya iso yana fifita da hula, baƙinsa na biye. Ya ce, "Sarkin Noma, ka hisshe ni kunya. Ga wanga baƙo nau daga Rabah, shi ma ya sayi faifan, shina son ka zo mai gayya kasuwa mai zuwa. Akwai wani kuma Goronyo. Bana kam ba ka da hutu!"

Baƙon Rabah bai iso da wuri ba, bai ji faifan a fili ba. Ya ce a ɗan sa masa ya ji yadda yake tashi a gona. Kafin Mu'azu ya buɗe baki an ɗora allura. Kira ya tashi, tas, da muryar gangar da ba ta taɓa jiƙewa ba.

Shittu ya ajiye ƙwaryar fura, bai ko shanye ba. Ya miƙa hannu ya jawo galma. Ya yunƙura, gwiwa ta ƙi, ya sake yunƙurawa ya tashi.

A nan Mu'azu ya ga abin gaba ɗaya. Yau ya iso. Rabah fa? Goronyo fa? Faifan nan an buga shi da yawa, yana hannun mutanen da bai sani ba, kuma kowane ɗaya ya iya kira, ya iya kora, ba wanda ya iya sallama. Shi kuwa ƙafa biyu gare shi. Ko ya fasa na Mode, na Rabah na nan. Magana zarar bunu ce, ashe kiɗa ma haka.

Ya miƙe. Ya sha gaban Shittu, abin da makaɗi ba ya yi, ya tsaya tsakaninsa da gona. Ya ɗaga gula ya saukar.

Samari ba su gane kiɗan ba, ba su taɓa ji ba. Tsofaffi ne suka gane. Wani dattijo ya ce innalillahi, ya cire hula. Mai garmaho ya ga fuskokin mutane ya ɗaga allura da kansa. Gona ta yi tsit, sai disasshiyar gangar nan tana tafiya a hankali, tana bin taken Shittu gaɓa gaɓa tana kwance shi. Mu'azu ya kai ƙarshe. Ya zaro 'yar wuƙar da yake gyaran tsirkiya da ita, ya soka a fatar ya ja. Da yake a jiƙe take, ko ƙara ba ta yi ba.

Shittu na tsaye da galma a hannu. Ya dubi gangar, ya dubi jama'a, sannan ya dubi abokinsa.

Ya ce, "Na roƙe ka?"

"A'a."

"Na mutu?"

"A'a."

"To wa yac ce maka na ƙare?"

Mu'azu ya ce, "Ni ka bin bayanka, Shittu. Ni ka jin numfashinka."

Shittu ya gyaɗa kai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Kana tsammani ban san kana rage mani kora ba? Tun bara waccan nis sani. Na yi kurum don kai ma ka yi kurum. Yau ka hwaɗa ma duniya."

Al'ada ta ce ya miƙa galma a hannun makaɗinsa. Mu'azu ya tara hannu biyu. Shittu ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasa, gaban ƙafafunsa, ya juya ya nufi gari, yana jan ƙafar hagu. Ba wanda ya yi ƙarfin halin kama shi. Indo ta ɗauki ƙwaryarta za ta bi shi. Da ta zo daidai Mu'azu ba ta dube shi ba, ta dai ajiye sauran furar kusa da galmar ta wuce.

Mode ya tsaya da hula a hannu yana tambayar mutane, "Mi af faru? Wani abu niy yi?"

Mu'azu ya dawo Wurno da farkakkiyar ganga a baya da galma a kafaɗa. Asabe ta gan shi tun daga ƙofa, ta gane, ta karɓi galmar ta jingine a bayan rumbu. Daga baya ya sa wa gangar sabuwar fata, ya ci gaba da yi wa wasu manoma kiɗa, don da shi ake cin tuwo a gidan. Amma bai sake yin take kamar wancan ba, shi ma bai yi ƙaryar ya yi ba.

Shittu bai je Rabah ba, bai je Goronyo ba. Ya ga kaka da yawa bayan wannan, yana zaune ƙofar gida yana tufkar igiya yana tari. Duk shekara kwandon albasa na isowa daga Shinaka, ya ma fi na baya girma. Mu'azu kan tambayi mai jakin da ya kawo ko an ba shi saƙon baki. Kullum amsar ɗaya ce, Indo na gaisuwa.

Faifan kuwa ya yi farin jini. Ranar kasuwa Attahiru kan sa shi tun safe, yara su yi rawa, masu saye su taru. Mu'azu ya bar bi ta layin masu tebur, amma Wurno ba ta da girman da zai tsere wa sautin. Duk inda yake, ko cikin ciniki ko cikin gaisuwa, in kora ta kai inda take yankewa sai ka ga ya yi shiru, yatsunsa na buga sallama a cinyarsa, a hankali, har ya kai ta ƙarshe.